Wa Ke da Ikon Cewa A'a? Kududdufan Birnin Kano da Gardamar Hukuma Guda

Tun bayan rusau ɗin da gwamnatin Jihar Kano ta yi a watan Yunin 2023, wani ra'ayi ya daɗa samun gindin zama a tsakanin masana tsara birane da injiniyoyinmu. A ganin masu wannan ra'ayi, duk abin da ke damun tsohon birnin Kano, tun daga zaizayewar ganuwa har zuwa cike kududdufai da ambaliyar da ke biyo baya kowane watan Agusta, tushensa guda ne: masu faɗa a ji sun yi yawa. Magani kuwa, in ji su, a kafa hukuma ɗaya mai ƙarfi, a ɗora mata mutum mai zuciya, a ba shi doka da katafila, a kuma kawar masa da masu unguwanni da ƙungiyoyin unguwa da duk mai cewa a dakata a yi shawara. Sukan buga misali da Legas, wasu ma su haura har Singafo. Wani abokin aikina, ƙwararre a fannin tsara birane wanda ya daɗe yana hulɗa da hukumomi, ya fi kowa iya shimfiɗa wannan ra'ayi, kuma da hujjojinsa zan yi ta kokawa a nan, domin ba irin waɗanda ake turewa da bayan hannu ba ne.

Abin da nake son nunawa shi ne cewa hannu ɗaya mai ƙarfin da ake nema ba sabon abu ba ne a Kano. An riga an gwada shi fiye da shekara arba'in, kuma a ƙarƙashinsa ne aka yi mafi yawan ɓarnar da ake kuka da ita. Abin da birnin ya rasa, a nawa ganin, shi ne wani mai ikon hanawa a wurin da ake ganin sakamakon abu da ido, wato cikin unguwa.

Tarihin ganuwa sananne ne, ba sai an tsaya kansa ba: Gijimasu ya fara ta a ƙarni na 12, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15, aka ƙara faɗaɗawa zamanin Muhammadu Nazaki a farkon ƙarni na 17 (Palmer 1908, Moody 1969, Barkindo 1983). Da Turawa suka ci birnin a 1903, Gwamna Lugga ya ƙiyasta kewayenta a kan mil 11. An ayyana ta cikin kayan tarihi na ƙasa a 1959, aka kuma sa ta cikin jerin wuraren da Nijeriya ke neman UNESCO ta amince da su a 2007. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne ramukan da ginin birnin ya bari, alhali kuwa su ne mabuɗin gardamar.

Mu duba yadda gidan ƙasa yake tashi. Magini zai sa a haƙo jar ƙasa a gefen unguwa, a kwaɓa ta da ruwa da ciyawa, a mulmula tubali a shanya a rana, sannan a jera a yaɓe. A ɗora azarar giginya, a rufe soro, a shafe bango da makuba, a fitar da indararo ta yadda ruwan sama zai zubo cikin lungu. Bayan kowace damina sai an sake ɗebo ƙasa an yi yaɓe. Ramin da aka bari a wurin haƙa shi ne kududdufi. Ma'ana, duk soron da aka ƙara a unguwa, wanda zai riƙa zubo da ruwa, shi da kansa ya ƙara faɗin ramin da ruwan zai tafi. Ba wani injiniya da ya zauna ya lissafa wannan, amma lissafin ya daidaita: gidaje na ƙaruwa, ma'ajiyar ruwa na ƙaruwa. Haka abin yake ga ganuwa, domin ƙasar da aka ɗaga ta da ita daga ramin da ke bin bayanta aka haƙo. Ruwan da ya kwanta a kududdufi kuma yana tsatsafowa a hankali ya ciyar da rijiyoyin cikin gida, dabbobi su sha, magina su yi kwaɓi da shi da rani, wanda ya yi yawa ya gangara rafin Jakara.

Shara ma tana da hanyarta. Mortimore da Wilson (1965) sun nuna yadda jakuna ke shigowa birni da itace da amfanin gona, su koma da mangala cike da taki, wato toka da kashin dabbobi da sharar gida, a zuba a gonakin kewayen Kano waɗanda ake nomawa duk shekara ba hutu. Juji a lokacin dukiya ne, yana da mai shi, yana da masu saye. Saboda haka ba ya taruwa har ya gangara cikin kududdufi.

Wannan zagaye ne ya tsinke, kuma ba a wuri ɗaya ba. Da bulo da siminti da kwano suka maye gurbin tubali, yashi ya koma zuwa a tifa daga bakin kogi, sabon gida ya daina haƙa raminsa. Da leda ta cika shara, ga kuma takin zamani, sai manomi ya rage ɗokin takin birni, domin sai ya tsuguna ya tsince leda kafin ya watsa a gona. Sharar da ba ta da mai ɗauka ta nufi wuri mafi kusa kuma mafi zurfi. Kududdufin da ya cika da shara ya zama fili, fili kuma a tsakiyar Kano kuɗi ne. Wanda ya san hanyar Jami'ar Bayero ta bayan badala, wajen Hauren Shanu, shekara ashirin da suka wuce, in ya bi ta yau ba ya bukatar a yi masa bayani. Kowane mataki cikin waɗannan, in aka ɗauke shi shi kaɗai, mai hankali ne: wa zai ga laifin wanda ya gaji da yaɓe duk shekara ya sayi bulo? Haɗuwarsu ce ta haifar da abin da ba wanda ya nufa.

Ana ganin ƙarshen lamarin a kowane lungu na cikin gari da damina. Ruwa ya shiga wa wani zaure bara, bana sai ya kira birkila ya ɗaga dokin ƙofarsa da layi biyu na bulo, ya yi ɗan tudun siminti a gaba. Ruwan da a da yake rabuwa gida biyar yanzu ya nufi huɗu. Baɗi biyu daga cikinsu su ɗaga nasu. A ƙarshe gidan da ya rage a ƙasa, galibi na ƙasa ne, na tsohuwa ko na magadan da suka kasa haɗa kuɗi, shi zai sha ruwan lungun gaba ɗaya har katangarsa ta jiƙe ta zauna. Za ka ga ƙofofin da sai an taka matakala uku a hau, sannan a sauka uku a shiga tsakar gida. Duk mutanen lungun sun san inda ruwan yake bi kafin a cike ramin bayan masallaci, sun san wanda ya cike shi, sun san shekarar. Ba wanda ya taɓa tambayarsu.

To wa ke riƙe da wannan tsari a yau? Ganuwa tana hannun Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda ta tarayya ce. Filin da ganuwar ke kai yana hannun gwamna ta Ma'aikatar Ƙasa. Izinin gini na KNUPDA ne, shara ta REMASAB ce, manyan magudanan ruwa na ma'aikatun Ayyuka da Muhalli ne, ƙananan kwatoci kuma na ƙananan hukumomi uku da suka raba birnin, Birni da Dala da Gwale. Abokin aikina yakan karanto wannan jeri ya ce, ka gani ko, ga hujjata. Amma a nan ne nake ganin ya yi tuntuɓe. In aka cire ta tarayyar, wadda ba ta da ko ƙarfin korar mai haƙar ƙasa daga jikin badala, duk sauran a aljihun mutum ɗaya suke. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna. Shi ke ba da takardar mallaka a birni ƙarƙashin sashe na 5, shi ke soke ta ƙarƙashin sashe na 28, kuma an cusa dokar cikin tsarin mulki yadda ba a taɓa ta sai da gyaran kundin. Shugabannin hukumomin nan shi ke naɗa su. Ƙananan hukumomi kuwa kowa ya san inda linzaminsu yake. Yawan allunan ofisoshi bai kamata ya rufe mana ido ba: sa hannun da ke mayar da kududdufi fuloti guda ɗaya ne.

Abin da ya faru a 2023 shi ya fi fito da wannan fili. Ikon da aka yi amfani da shi aka raba filaye a Masallacin Idi na Ƙofar Mata da gefen badala a gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje, shi ne dai ikon da aka yi amfani da shi aka rushe gine-ginen cikin makonnin farko na gwamnatin Abba Kabir Yusuf. Kujera ɗaya ce, mai zama ne ya sauya. A watan Satumbar 2023 Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ta yanke wa masu shagunan filin Idi diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Ba ina yanke hukunci kan wanda ya yi daidai tsakanin gwamnonin biyu ba ne, wannan gardamar 'yan siyasa ce. Abin lura shi ne, a rabon da kuma a rusau ɗin, babu inda doka ta tilasta wa wani ya nemi yardar mutanen da ruwan zai shiga wa gida, kuma babu abin da zai hana gwamna na gaba ya sake yanka wuraren. Kariyar da ta dogara da halin wanda ke kan kujera, iyakar ranta shekara huɗu ko takwas. Ganuwar ƙasa kuwa yaɓe take so duk shekara, kududdufin da aka cike aka dasa bene a kansa kuma ya tafi ke nan.

Yanzu ga hujjojin abokin nawa. Ta farko ta tarihi ce, kuma ita ce mafi kaifi. Ya ce masu kiran jagorancin haɗin gwiwa suna shafa wa zamanin da zuma. Ganuwa ba da shawara aka gina ta ba, da umarni aka gina ta, kuma bayi da talakawan da aka tilasta su ne suka ɗauki ƙasar a ka. Gaskiya ya faɗa. Littafin tarihin sarakunan Kano da kansa ya nuna faɗaɗawar zamanin Nazaki aikin babban mutum ɗaya ne, Wambai Giwa, wanda ya riƙa ciyar da ma'aikata da yanka musu shanu daga dukiyarsa, kuma daga baya aka tuɓe shi saboda ana tsoron ƙarfinsa. Tara ta Kano da Rumfa ya kafa majalisar manyan masu sarauta ce, ba ta talakawa ba (Smith 1997). Wanda ya kira wannan dimokuraɗiyya ya yi wa tarihi ƙarya. Abokin nawa ya ƙara da cewa kududdufan ma ba aljanna ba ne: matafiyan Turawa Clapperton a 1824 da Barth a 1851 duk sun koka da ruwan da ke kwance a tsakiyar birnin da cutar da yake jawowa, kuma har yau sauro da tsargiya da nutsewar yara ba tatsuniya ba ne.

Saboda wannan zan rage faɗin da'awar zuwa abin da hujja za ta iya ɗauka. Ba na cewa tsohon tsari adali ne, ba kuma na cewa an tsara shi da niyyar kare muhalli. Abin da nake cewa ya fi haka ƙanƙanta: a tsohon tsari, mai yanke hukunci kan ƙaramin abu yana kwana a inda sakamakon hukuncin zai same shi. An raba birnin fuskoki huɗu, Gabas da Yamma da Kudu da Arewa, kowace da wakilinta, a ƙarƙashinsu ga masu unguwanni. Kowace ƙofa da sarkinta, magina da Sarkin Gini, marina da majema da shugabanninsu. Mai unguwar da ya bari aka toshe hanyar ruwa, nasa zauren na cikin waɗanda za su jiƙe, kuma da asuba zai haɗu da masu ƙorafi a sahu ɗaya. Wannan kusanci tsakanin hukunci da sakamakonsa shi ne abin da ya ɓace, kuma ba ya bukatar a dawo da bauta ko aikin tilas kafin a dawo da shi. Batun cuta kuwa, hujja ce ta a gyara kududdufi, a killace shi, a hana kwata da masai zuba a ciki. Cike shi ba ya kawar da ruwan, yana mayar da shi tsakar gidan mutane ne, inda ya fi kusa da rijiya da shadda.

Hujjarsa ta biyu ta fi zafi, domin ta shafi yau. Ya ce, mai unguwar da kake son ba wa iko, ai da shi ake cin kasuwar. Shi ne shaida a takardar cinikin fili, yana da la'adarsa, kuma ba a cike wani rami a unguwa ba da saninsa ba. Ba zaɓensa aka yi ba, gado ya yi ko naɗi. Ya tuna mini cewa gwagwarmayar jam'iyyar NEPU tun 1950 a kan irin waɗannan masu riƙe da unguwanni da ƙauyuka aka yi ta, kuma ba banza ba talakawa suka yi murna da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979. Ya kuma ce tun 2019 sarautar Kano kanta ta zama fagen siyasa: an raba masarautar gida biyar, an tuɓe Sarki Muhammadu Sanusi II a watan Maris na 2020, an soke dokar an dawo da shi a watan Mayun 2024, ga Aminu Ado Bayero a gidan Nasarawa, magana tana kotu. A cikin wannan hali, wane mai unguwa ne zai ce wa gwamna a'a?

Ban ga yadda za a musa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Amma a lura da abin da suke nunawa. Tun daga karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e a ƙarshen shekarun 1960, zuwa gyaran ƙananan hukumomi na 1976, zuwa dokar filaye ta 1978, an yi ta zare wa mai unguwa iko ana barinsa da suna. Abin da ya rage masa na samu shi ne shaidar ciniki. Mutumin da ba shi da ikon hana sayarwa amma yana da kaso in an sayar, ba sai an yi dogon bincike ba kafin a san inda zai karkata. Wannan aibin yadda aka ajiye shi ne, kuma hukuma guda mai ƙarfi ba ta tsira daga irinsa ba, sai dai ma la'adar ta fi girma, mai karɓarta kuma ya fi nisa da idon jama'a. Sannan ni ba mai unguwa shi kaɗai nake nufi ba. A kusan kowace unguwa ta cikin gari akwai ƙungiyar taimakon kai da kai da ke fitowa gayyar yashe kwata kafin damina, akwai kwamitin masallaci, akwai dattawan da ake kira rabon gado, akwai matan da suka fi kowa sanin ranar da rijiyar gida ta fara wari. Waɗannan suna aiki tare tun tuni, ba da takarda ba. Elinor Ostrom (1990), wadda ta sami kyautar Nobel a 2009 kan nazarin yadda jama'a ke riƙon dukiyar da suka yi tarayya a kanta, ta nuna cewa irin wannan riƙo yana ɗorewa ne idan masu sa ido suna ƙarƙashin idon masu amfani da abin, idan kuma hukumar sama ta amince cewa suna da haƙƙin kafa ƙa'idarsu. Sharaɗi na biyun ne babu a Kano. Matasa su yashe kwata ranar Asabar, ranar Litinin wani ya zo da takarda daga ma'aikata ya kafa harsashi a bakinta, ba su da inda za su kai ƙara da za a saurare su a matsayin masu haƙƙi.

Akwai misali ɗaya a Kano da ake yawan kawowa don nuna cewa haɗin gwiwa na aiki, wato yaƙi da shan inna. Jihar ta dakatar da rigakafin a 2003, aka dawo da shi a 2004, amma ƙin karɓa ya ci gaba har sai da aka shigar da hakimai da dagatai da masu unguwanni da malamai cikin aikin gadan-gadan, suna bin gida gida, suna sanin gidan da aka haihu da gidan da aka ɓoye yaro. An ga mutum na ƙarshe mai ɗauke da nau'in cutar na asali a jihar a Sumaila cikin watan Yulin 2014, a watan Agustan 2020 kuma aka tabbatar da cewa nahiyar Afirka ta rabu da wannan nau'in. Misalin yana da ƙarfi, amma kada a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Ya tabbatar da cewa hukuma, duk kuɗinta da motocinta, ba ta iya shiga lungun Kano sai da ɗan lungun. Bai tabbatar da cewa ɗan lungun zai tsaya kan gaskiya in miliyoyi suka shigo ba, domin ba wanda ke yin kuɗi da ƙin ɗiga wa yaro magani, alhali kududdufi guda na iya zama shaguna hamsin. Don haka ne nake cewa ikon hanawar ya zama na taro ne a bainar jama'a, ba na mutum ɗaya a zaurensa ba.

Hujjarsa ta uku ita ce girma. Birnin da Barth ya ƙiyasta mazaunansa a kan 30,000, wanda Clapperton ya ce kashi ɗaya cikin huɗu kawai na cikin ganuwarsa ke da gidaje, yau ya cika ya batse ya zama cibiyar gari mai miliyoyin mutane. Ruwa bai san iyakar unguwa ba. Wanda ya sauka a gindin Goron Dutse zai ratsa unguwanni da yawa kafin ya kai Jakara, ya bi ta Fagge ya fita. Ambaliyar da ta lalata kayan 'yan kasuwar Kantin Kwari a watan Agustan 2022 ba abin da wani kwamitin unguwa zai iya tarewa ba ne. A nan na sallama masa rabin magana. Babbar magudana aikin jiha ce, tana son awo da injiniya da kasafi. Sai dai aikin rufe Jakara da shimfiɗa titi a kansa, wanda aka fi sani da Wuju-Wuju, da aka fara a zangon Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, shi ma shaida ne a kan abokin nawa, domin sauyin gwamnati a 2015 ya bar shi shekaru bai kammala ba. Kuma ko ya kammala, magudanar kankare gaggauta ruwa take yi zuwa ga na ƙasa, kududdufi kuwa riƙe shi yake yi ya sake shi sannu a hankali. Ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya. Duk ramin da aka cike a sama, nauyi ne aka ƙara wa magudanar da aka auna da zaton ramin yana nan. Birnin Bangalor na Indiya ya bi wannan hanya kafin mu: tsofaffin tafkunansa da aka haƙa da hannu an cike da yawa, har babbar tashar motarsa a kan ɗaya take zaune, kuma a watan Satumbar 2022 ruwa ya mamaye unguwannin manyan kamfanonin kwamfuta. Nagendra da Ostrom (2014) sun duba wasu daga cikin tafkunan da suka rage, suka ga waɗanda suka farfaɗo su ne inda mazauna wurin da hukumar birni suka yi aiki tare, ba inda ɗayansu ya yi shi kaɗai ba.

Me wannan ke nufi a aikace? Ba na jin ana bukatar sabuwar hukuma ko kaɗan. Sashe na 2 na dokar 1978 ya riga ya tanadi kwamitin ba gwamna shawara kan rabon filayen birni, ya kuma bar masa zaɓen mambobinsa, in dai akwai lauya da masana ƙimar filaye aƙalla biyu. Ba abin da ya hana a sa wakilan unguwannin cikin gari. Amma shawara kawai kwamitin ke bayarwa, saboda haka wannan bai isa ba. Abin da zai yi tasiri shi ne Majalisar Dokokin Jiha ta yi dokar tsara gari da za ta lissafa kududdufan da suka rage da sauran ganuwa ɗaya bayan ɗaya, da sunayensu da iyakokinsu, ta kuma hana KNUPDA ba da izinin gini a kansu sai an kira taron unguwannin da ruwan ke ratsawa, na sama da na ƙasa, an rubuta amincewarsu, an liƙa a ƙofar masallacin Juma'a da ofishin hakimi. A kuma ba ƙungiyar unguwa mai rajista damar kai ƙara kotu da sunanta. Abokin aikina ya ce wannan zai jawo jinkiri. Haka ne, kuma jinkirin ake so. Abin da za a iya warwarewa gobe, kamar wurin ajiye kwandon shara, a bar wa hukuma ta yi da sauri. Abin da ba ya warwaruwa, kamar cike rami ko sare badala, ya kamata yin sa ya yi wuya.

Sauran matsalar da ban ga abokin nawa ya taɓo ba, wadda kuma nake ganin ta fi nasa duka nauyi, ita ce ta mallaka. Kududdufai da dama ba na gwamnati ba ne a idon mutanen unguwa, na wasu gidaje ne da kakanninsu suka haƙa, kuma magada suna kallon su a matsayin gadon da zai fitar da su daga talauci. Dokar da za ta ce kada su cike, ba tare da ta ba su komai ba, ta ɗora wa gida ɗaya nauyin kare unguwa guda daga ambaliya, kuma za a karya ta da daddare, tifa bayan tifa. Dole ne jiha ta saye irin waɗannan ramuka, ko ta musanya wa magadan da fili a wani wuri, ko ta bar musu amfanin ruwan, kamar kiwon kifi, da sharaɗin kada a rage faɗinsa. Wanne ne zai dace da wane kududdufi, sai an zauna da magadan da maƙwabtansu, domin a wasu wuraren takardar da ke akwai ita ce shaidar dattawa kawai. Kuɗin wannan saye kuwa daga kasafin magudanan ruwa ya kamata ya fito, ba daga na al'adu da yawon buɗe ido ba, tunda aikin magudana ramin yake yi.